Zanen da ke Jikin Akwatin Shayi

Kakata Iya Tabawa ba ta da kujerar tatsuniya sai wani tsohon akwatin shayi na katako, wanda babana ya kawo daga shagonsa na Kasuwar Kilomita Biyar tun Faransawa na mulki. A jikinsa akwai wani baƙin zane na Sinawa, 茶, duk unguwar ba mai iya karanta shi. In an idar da magariba sai ta jawo akwatin gaban murhu, ta ɗora buta, mu jikoki mu kewaye ta. Dokarta ɗaya ce: wanda ya amsa mata da Sango, yaren ƙasar da muke baƙunta, ba shi ba shayi.

"Kai maigida," haka take tsokanata, "ka ƙara ce mini singila a madadin na gode, yaji zan yi in koma Damagaram."

Zanen nan ma yana da tasa tatsuniyar. Takan ɗora yatsa a kansa ta ce na sama ciyawa ce, na ƙasa itace, na tsakiya mutum. Wai wani falke ne ya daɗe a uwa duniya har ya manta maganar garinsu. Da ya komo, uwarsa ta makance. Ya yi mata magana da bakin baƙi, ta ce ba ɗanta ba ne, ta ƙi buɗe ƙofa. Sai ya zauna a gindin itacen ƙofar gida yana laluben abin da zai ce, har ciyawa ta tsiro masa a ka.

"Inna kawai fa zai ce," in ji Iya. "Inna!"

Mu mukan yi ta dariya. Ita ba ta yi.

Na girma, fatauci ya kai ni Duwala, na zana wa wani ɗan Koriya da muke ciniki alamar. Ya ce ai shayi ke nan. Asalinta sunan wani ganye ne mai ɗaci, Sinawa suka rage mata layi ɗaya suka ba shayi. Su a Koriya cha suke karanta ta, kuma tana cikin sunan al'adarsu ta jera abinci ranar sabuwar shekara don tunawa da kakannin da suka rasu. Labarin falke kuwa bai taɓa ji ba. Ashe Iya ce ta ƙirƙiro abinta, don tsoron da take ji a kanmu.

Jiya na zuba wa jikata Hauwa shayi. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Singila, Kaka." Raina ya sosu, amma na kasa karɓe kofin. Na zaunar da ita na soma labarin falke. Ban yi nisa ba ta taɓa mini gwiwa, ta ce ba ta ganewa.

Da Sango na ƙarasa mata.