Motar Baba da Kafur ɗin Kawu

Shekarun baya, lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Birnin Kebbi, aka sa ranar auren ƙanwata, autar gidanmu. Mijin ɗan Argungu ne, can za a kai ta. Mahaifinmu bai daɗe da rasuwa ba, kuma cikin abin da ya bari akwai wata tsohuwar mota mai dogon baya, wadda ya yi shekaru yana jigilar shinkafa da albasa da ita daga fadamar Zauro zuwa gidanmu a Gwadangaji. Da aka zo rabon gado ba wanda ya yi rububinta, sai ta faɗo hannuna.

Biki ya matso, ƙanwata ta same ni a zaure ta ce tana da roƙo guda. Baba ya sha yi mata alkawarin shi da kansa zai tuƙa ta zuwa ɗakinta. Tunda Allah bai nufa ba, tana so ko ba komai a kai ta a cikin motarsa. Na ce mata an gama, bakina ya riga hankalina. Motar nan a lokacin sai an tura ta take tashi da safe, in ta hau tudu kuwa sai ka ji kamar ka sauka ka kama mata.

Wanda ke jan ragamar bikin kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Ɗan kasuwa ne, mai kirki ƙwarai, amma ba a ja da shi. Yana da wata ƙatuwar mota 'yar Kwatano da yake ji da ita, kuma ba ya shan mai a gidan mai kamar sauran bayin Allah. Wani ne ke kawo masa a jarka daga tsallaken iyaka, wai shi sufa, mai lambar oktan babba. Bayan wannan kuma sai ya jefa ƙwayoyin kafur a tanki, irin wanda mata ke sa wa a akwatin tufafi, wai yana ƙara wa man ƙarfi. Direbobi da yawa a tasha sun yarda da wannan, shi kuwa kawu ya riƙe shi tamkar karatu.

Da na kai masa maganar ƙanwata, ya zagaya motar Baba, ya buga tayarta da ƙafa.

"Motag ga yunwa taka ji," in ji shi. "Man gidan mai kaka ba ta, mi za ta yi da shi? Zo in ba ka sufa, ka jeha mata kahur, ka ga aiki. In ba haka ba, amarya ba ta shiga cikinta."

Nan fa malantar ta motsa. Na gyara tsayuwa kamar ina gaban allo, na ce masa lambar oktan ba ƙarfi ba ce. Abin da take nunawa kawai shi ne yadda mai ke jure matsi a cikin inji, ba tare da ya kama wuta kafin lokacinsa ba. Injin da aka ƙera da matsi mai yawa shi ke buƙatar babbar lamba. Tsohon inji irin na Baba, ko ka ɗura masa, ba abin da zai ƙaru. Na ƙara da cewa kafur kuwa ba na sa shi a motar mahaifina ko da kyauta, don in bai narke duka ba toshe hanyar mai zai yi. Na yi bayani har da zana inji a ƙasa da tsinke.

Kawu ya bari na kai aya, sannan ya ce, "To malam, an tashi darasi? Mu da munka tuƙa mota tun kana goye, yau kai za ka koya muna mai?"

Kowa ya yi dariya, har mahaifiyata. Aka yanke cewa amarya a motar kawu za ta tafi. Motar Baba, in ta ga za ta iya, ta biyo baya da tukwane da kulolin abinci. Da aka gaya wa ƙanwata, sai ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki. Wallahi abin ya yi mini ciwo, kuma na ji haushin kaina. Da na karɓi jarkar nan na yi shiru, da ta samu abin da take so. Amma taurin kai gadonmu ne, ban koma na ba da haƙuri ba.

Abin da na yi shi ne na tafi shagon wani abokina ɗan kudu da ke sayar da kayan mota, na sayo sababbin fulogi da filtar mai da ta iska. Na kai ta gareji aka wanke kafireta, aka juye baƙin mai, aka duba birki. Na cika tanki a gidan mai na bakin titi, man kowa da kowa. Na wanke cikinta har hannuna ya yi fari, duk da haka warin albasa bai fita duka ba.

Ranar kai amarya muka tashi bayan azahar. Abokan ango suka ba motocinsu wuta suka ɓace, kawu na biye da su, ɗauke da amarya da ƙawayenta da gwaggonmu. Ni ne na ƙarshe, cikin sabuwar shadda da hula, tukwane na ta kaɗa mini kiɗa a baya. Duk ramin da na faɗa sai murfi ya amsa.

Mun wuce Ambursa da kaɗan sai na hango mota a gefen titi, an ɗaga bonat. Tun daga nesa na gane babbar rigar kawu. Ashe motar ta fara fizga, tana tari, ya taka totur ta ƙi amsawa, daga nan ta mutu murus. Ya yi ta murza makulli, ba labari. Sauran motoci sun yi nisa, rana kuma tana dukan mutane, amarya na cikin lulluɓi tana haɗa gumi.

Na tsaya, na fito a hankali, na yi masa sannu. Allah ya sani na yi ƙoƙarin ɓoye murmushina, ban dai sani ba ko na yi nasara. Kawu ya ce a kira abokan ango su juyo. Gwaggo ta ce ba za a yi haka ba, dangin miji na can suna jira, kuma amarya ba ta zama bakin hanya kamar mai jiran motar haya. Ta juyo gare ni.

"Ɗan nan, hid da tukwanen ga, ka buɗe muna ƙohwa."

Haka aka kwashe tukwane da kuloli aka loda a motar kawu, aka bar shi yana gadinsu kafin bakanike ya iso. Ƙanwata ta shiga motar Baba, gwaggo da ƙawayen amarya suka bi ta. Murzawa ɗaya na yi ta tashi. Ban yi gudu ba, ban kuma tsaya ba, har muka shiga Argungu. Ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba, ina tuƙi ina amsa gaisuwar mutanen da ba ni suke gaisarwa ba.

Daga baya bakaniken ya ba ni labari cewa da ya cire filtar motar kawu, ya tarar ta cushe da wani farin gari da dattin jarka, tana ƙamshin akwatin tsohuwa. Kawu har gobe bai yarda ba. Cewa yake kafur ɗin ne jabu. Na daina musu da shi, don na gane mutum kan yarda da abu mai tsada ko mai wuyar samu fiye da abin da ke gabansa, alhali mota ba ta san wannan ba. Ka ba ta man da aka ƙera ta da shi, mai tsabta, ka kula da cikinta, shi ke nan.

Amma in gaya muku gaskiya, ba cin gardamar ba ne ya fi tsaya mini a rai. Da muka isa ƙofar gidan ango, mata suka yo kanmu da guɗa, na kai hannu zan kashe mota. Sai na ji an riƙe mini kafaɗa ta baya. Ƙanwata ce, ta yi magana daga ƙarƙashin mayafi.

"Yaya, kak ka kashe ta tukuna. Da kukan ga muka sanin Baba ya dawo gida."

Na janye hannuna. Mata na ta buga gilashi suna cewa a fito da amarya, gwaggo da ke da abin faɗa a kan komai ta kau da kai tana share ido. Muka zauna a haka, injin na ta aiki, har sai da ƙanwata ta buɗe ƙofa da kanta.