Gindin Randar Inna

Duk abin da tsufa zai ɗauke mini, ba zai ɗauke shekarar da ƙafafun yayana suka mutu ba. Lokacin fari ne, muna zaune a Birni cikin Damagaram. Ni ɗinki nake yi, shi kuwa ga-ruwa ne, kullum sanda a kafaɗa da garwa biyu.

Innarmu tana da babbar randa a bayan ɗaki, a buɗe. Ƙa'idarta ita ce ba a ganin gindin randa. Ta ce gidan da ya ga gindin randarsa a shekarar fari ya kira wa kansa babu. Saboda haka ba a juye ta, ba a wanke ta, sai dai Yaya ya ƙara sabon ruwa a kan tsoho. Sauro yana cizonmu har da rana, muna mamaki, tunda ko tabki ya bushe.

Zazzaɓi ya fara kama Yaya, da ciwon gaɓoɓi da ƙuraje. Ya sha kinin, maganin zazzaɓin sauro, bai yi masa komai ba, daga baya zazzaɓin ya tafi da kansa. Mun ɗauka an gama. Sai ya fara cewa tafin ƙafarsa kamar tururuwa na yawo. Wata safiya ya saɓa garwa, gwiwoyinsa suka lanƙwashe a ƙofar gida.

"Ƙane, taɓa mini ƙafar nan," ya ce.

"Ai na taɓa, Yaya."

"To, ban ji ba."

Maƙwabta suka ce iskar rijiya ce. Mu dai muka ɗora shi a amalanke zuwa gidan likita. Lokotoro, wato likitan, ya bubbuga gwiwar, ko motsi. Ya ce yana zargin wani zazzaɓin sauro ne wanda ba na kinin ba, irin wanda a wasu mutane yakan taɓa jijiyoyi bayan ya wuce. Babu allurar da za ta tashe shi. A riƙa juya shi, a riƙa motsa ƙafafun, in numfashi ya yi nauyi a dawo da gudu. Sannan ya ce mu duba inda muke ajiye ruwa.

Da muka dawo, na leƙa randar. Ƙananan tsutsotsin sauro ne suke ta wutsil-wutsil a ciki. Na nuna wa Inna.

"Ruwan da ɗana ya ɗauko da wuyansa zan zubar a ƙasa?" ta ce. "Ba da ni ba."

Ba ta zubar ba kuwa. Ta tace shi da sabon kallabi cikin tuluna, ta toshe bakinsu. Ta karkata randar da hannunta, ta kankare gindin da ta hana kowa gani, ta ɗaure bakin da zane. Ruwan nan ta keɓe shi don ƙafafun Yaya. Kowace safiya in ɗauko shi zuwa tsakar gida, ita ta wanke ta murza, ni in lanƙwasa in miƙe.

"Ni da na shayar da rabin Birni, yau ni ne garwar," yakan ce. "Riƙe da kyau, tela, kada ka zubar da ni."

Watanni suka shige haka. Wata safiya tana zuba masa ruwan, ya yamutsa fuska.

"Haba Inna, wannan ruwa da sanyi!"

Ƙwaryar ta tsaya a hannunta. "Me ka ce?"

"Na ce da sanyi..." Sai shi ma ya ji abin da ya faɗa.

Yaya ya tashi, da sanda da farko. Ƙafar hagu ta ci gaba da ja har ƙarshen ransa, bai ƙara saɓa garwa ba. Allah ya jiƙansu, shi da Inna, ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani.

Abin da na koya shi ne, tsoron rasa abu yana iya sa mutum ya ƙi duba shi, har cuta ta yi gida a ciki. Yau a gidana duk mako sai an ga gindin randa, kuma ba mu taɓa kwana da ƙishi saboda haka ba.