Ruwan da Na Ba Malamar Duba-gari

Ranar wata Talata ce a farkon watan Yuli, shekarar da nake aji huɗu a firamare. An yi ruwa da safe, rana ta fito da ƙarfi, bolar da ke bayan gidanmu a Fagge tana ta tururi kamar tukunyar da aka buɗe. Dawowata daga makaranta ke nan, ko yunifom ban cire ba, sai ga wata mata ta yi sallama, sanye da farin hijabi, riƙe da babban littafi da jaka cike da ƙananan kwalabe. Kafin ta ƙaraso tsakar gida labari ya riga ya zaga lungu cewa duba-gari sun shigo unguwa. Inna, wato mahaifiyata, ta ja tabarma ta rufe bakin kwata, ta tura kwandon shara ƙarƙashin gado, ta dube ni ta ce, "Kai Sabi'u, ka iya bakinka."

Bolar nan a da kududdufi ce. A hankali shara ta cike ta har ta tasar wa katangarmu. Masu baro suna kawo ruɓaɓɓen kayan gwari da kwalaye daga Kasuwar Sabon Gari, teloli suna zubar da ƙyallaye, mu ma kowace safiya nan nake juye sharar gidanmu. Da rani a cinna mata wuta, hayaƙin leda ya shiga ɗaki ya kama tufafi, har tuwo sai ka ji ƙaurinsa. Amma mu yara ba mu da filin wasan da ya fi ta. A nan muke tsintar gwangwani mu ƙera mota, mu naɗa ƙwallon tsumma, mu yi langa a gefenta ba takalmi. Idan muka dace da sirinji, sai mu cire allurar da haƙori mu riƙa fesa wa juna ruwa.

Rijiyarmu tana jikin katangar da ta raba mu da bolar. Da damina ruwanta yakan koma kamar shayin da ba madara, Inna ta jefa alim ta ce, "Ya kwanta, ku sha da bisimilla." Aikina shi ne jan guga in cika randuna biyu, aikin da ba ya cin minti goma. Na san yaran gidan da rijiyarsu ta rufta, kullum da sassafe suna ɗauke da jarkoki har famfon wajen tashar jirgin ƙasa, su bi layi, su makara, su sha bulala a ƙofar makaranta. A gidanmu na haya mutum ɗaya ce ba ta shan rijiyar, Iya Basira, Bayarabiya mai sayar da robobi a kasuwa. Ita ruwan famfo 'yan garuwa suke kawo mata, ta tafasa, ta rufe randarta da faranti. Muna yi mata dariya, ita kuwa takan ce, "Maman Sabi'u, ruwan nan ba na mutane ba ne. Ko akuyata ba zan ba ta ba."

Malamar ta zauna a kan turmi ta ce ba laifi ta zo nema ba, ana so ne a san irin cutar da bolar take jawo wa maƙwabtanta. Ta tambayi Inna ko yara suna yawan gudawa, ko akwai mai tari. Inna ta ce, "Lafiya lau muke, alhamdulillahi." A daidai lokacin ƙanwata Rabi, 'yar shekara huɗu, tana kwance a ɗaki, kwana uku cikinta bai tsaya ba. Haka aka saba, ba a buɗe wa baƙo cikin gida, balle ma'aikacin hukuma. Sai malamar ta miƙo mini kwalba ta ce, "Ɗan samari, ɗebo mini ruwan rijiyarku. In an gwada an ga ba shi da kyau, sai a rufe ta a nema muku mafita."

Kalmar rufewa kaɗai na ji. Jarka na gani a kaina, da layin famfo, da bulala. Rijiyar tana bayan ɗakin girki inda ba a hango ta daga tsakar gida. Na saki guga ya faɗa da ƙara don a ji, na lallaɓa na ɗaga farantin randar Iya na cika kwalbar. Malamar ta ɗaga ta ta duba, ta ce, "Kai, ashe ruwanku garau yake," ta manna takarda a jiki ta rubuta lambar gidanmu. Ba wanda ya sa ni. Ƙiwuya ce kawai da son jiki.

Ban san abin da aka rubuta a rahoton ba. Abin da na sani shi ne an rufe rijiyoyin gidaje biyu a layinmu, tamu kuwa ba wanda ya dawo ta kanta. Har tinƙaho na yi a raina. Rabi ta warke, ta sake kwantawa, ta warke, ta sake kwantawa. A damina ta biyu zazzaɓin taifot ya kama ta, aka yi makonni ana jinya a asibiti, ta fito ƙafafu kamar sillen kara, kunne ɗaya ba ya ji sosai. Makaranta ta gagare ta, don ba ta jin malami, yara suna tsokanar ta. Ni kuwa kullum da hannuna nake jawo ruwan in zuba a randar da take sha, bakina a rufe, saboda tsoron dukan Baba ya fi ƙarfin tausayin ƙanwata. Ba zan rantse cewa rijiyar ce kaɗai ba, ga ƙudaje, ga kwata. Amma hanyar da za a bi a sani, ni na toshe ta.

Sai da na yi aure na iya faɗa wa Inna. Na zaci za ta yi faɗa, na ma so ta yi. Sai ta ce, "Ni da na ce mata lafiya lau fa? Allah Ya yafe mana." Rabi har yau ban faɗa mata ba. Nakan je gidanta da niyya, in ga ta juyo mini da kunnen da yake ji tana murmushi, sai in ɓige da tambayar yara.

Yanzu ina tuƙa adaidaita, nakan bi ta layin sau da yawa a yini. An daɗe da danne rijiyar da siminti, kowa ya koma ruwan leda, ledojin kuma bolar suke ƙara wa tudu. Hayaƙin yana nan, tarin yana nan, mutane suna ta ƙorafi a majalisa cewa ba mai zuwa ya duba halin da suke ciki. Nakan ji su raina ya ɓaci, ban san da wa zan yi fushi ba in ba kaina ba. Ina kewar tsakar gidan nan, da muryar Iya, da Rabi tana jin kira tun daga zaure. Sau ɗaya aka zo aka tambaye mu, muka ɓoye gaskiya.