Ƙwallon Dabino a Bayan Zanena

Shekarun baya can, wajen 1965, ina amarya a unguwar Misfala a Makka, muna zaune a ɗaki guda na haya. Mijina ɗan ga-ruwa ne, yana ɗebo ruwa a bazan, wato famfon unguwa, ya kai gidaje. Ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka mai gidan da muke haya, wani attajiri haifaffen Makka, shi ne rufin asirinmu. Shi ne kuma shugaban 'yan ga-ruwa, mai tsara layi a bazan, kuma kullum yaransa ne a gaba.

Da abin ya ishi mutane sai aka ce a sake zaɓe, aka tsayar da wani dattijo Badamagare. Mai gidan ya ce, "Ɗayyib, na yarda, a ɗaga hannu in gani." Ranar mijina ya kasa cin tuwo. In ya ɗaga wa dattijo, mun rasa ɗaki. In ya ɗaga wa mai gida, da wane ido zai kalli abokansa?

Maƙwabcinmu tsohon malamin makaranta ne daga Katsina, ya zo hajji ya zauna. Ni dai a lokacin kallon mai surutu nake masa. Shi ya tara 'yan ga-ruwan bayan la'asar, ina jin su ta taga.

"A Ingila ma zamanin kakanninmu haka ake," in ji shi. "Mutum zai hau dandamali ya faɗi wanda ya zaɓa, mai gonar da yake haya yana tsaye yana ji. Washegari a kore shi. Masaƙa da ma'aikata suka yi ta kai kuka shekara da shekaru, aka ɗaure wasu, da yawa suka mutu ba su gani ba. Daga baya aka ba su akwati, kowa ya jefa nasa a ɓoye."

Wani ya ce, "Ya Malam, mu ina muka ga akwati?"

"Kalas, shi ke nan, muna da tulu."

Aka kawo tulu biyu, aka ɗaura wa na mai gida jan ƙyalle, aka zuba yashi a ciki don kada a ji ƙara. Kowa aka ba shi ƙwallon dabino ɗaya, ya jefa a ɓoye a tulun wanda yake so. Labule ne babu, sai aka aro sabon zanena, ina ta mita. Mai gidan ya yarda ne don ya tabbata tsoronsa zai bi mutane har bayan zanen.

Da aka juye, Badamagare ya ci da nisa. Mai gida ya yi ta kallon fuskoki ɗaya bayan ɗaya, bai san wa zai kora ba. Mun ƙara shekaru a ɗakin nan.

Har yau ina jinjina wa malamin, da waɗancan masaƙa da ban san sunan ko ɗaya ba, waɗanda wahalarsu ta biyo ta Katsina ta tsare mini ɗaki a Makka.

Ni kuwa da son jin ƙwaƙwaf, na yi ta tambayar mijina a wane tulu ya jefa. Na yi lallashi, na yi fushi. Ko a ciwonsa na ƙarshe sai da na sake. Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, in na gaya miki, me mutanen can suka sha ɗauri a kai?"

Da sirrin ya tafi.