Karen da Kowa Ya Ce Ba Ya So

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da wannan abu ya faru ina koyar da nahawun Larabci a wata sakandare a Gadarif. Mutum ne ni mai gyara wa jama'a wasali ko a zaman makoki, kuma na yi imani babu abin da ke gilmawa a gidana ban gan shi ba.

Muna da kare, na taho da shi daga gonar riɗin ƙanena a Ƙala'at an-Nahal da sunan gadi. Kun san yadda muke da kare: a ajiye shi, amma kada a yarda ana sonsa. Ni a gaban mutane wancan nake ce masa. Matata kuwa kullum cikin mita take, wai ya shinshina randa, wai ta gaji da dirje kwano da ƙasa. Wata rana raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ta take masa ƙafar baya. Kukansa ya hana ni sukuni, amma na ji kunyar a ga Ustaz rungume da kare a titi yana neman likitan dabbobi. Sai na riƙa ɓallo ƙwayar ciwon bayana ina tura masa cikin nama idan babu mai kallo. Ɗingishin ya ragu, na yaba wa kaina. Daga nan ya daina cin abinci, ya fara amai, kashinsa ya koma baƙi kamar kwalta.

Ban zargi ƙwayar ba, tunda ni na ba da ita. Na fara zargin maƙwabcina mai tattabaru da sa masa guba, har na rage masa gaisuwa. Sai wata la'asar na dawo da wuri, na hango matata tsugune a bayan rumfa tana cusa wani abu cikin lomar tuwon asida, tana ba karen, tana waige-waige. Nan take na kammala bincike. Na koma shinshina kwanonsa da tona shara. Na tambaye ta cikin dabara ko maganin ɓera ya ƙare. Ta ce da saura, ko na ga ɓera ne. Wannan ma na lissafa shi cikin hujjoji.

Ranar da ya yi aman jini na faɗa mata a fuska cewa guba take ba shi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙwayar ciwon gwiwarta, irin tawa sak, ta ce tun ranar da aka take shi take ba shi, kuma ta ɓoye ne don kada in yi mata darasin najasa. Sannan ta ɗaura tobinta na lulluɓi ta tafi gidan yayanta a Showak.

Likitan da na kai wa karen a makare ya ce maganin ciwon mutane huda cikin kare yake yi, ya lalata ƙoda, kuma nawa kaɗai ma ya isa. Karen bai tashi ba.

Na je biko. Yayanta ya tare ni da tambayar ko Ustaz ya zo da ankwa ne. Ita abu ɗaya ta tambaye ni: duk kwanakin da nake mata kallon mai guba, da wane baki nake shan miyarta har ina neman ƙari.

'Yan'uwa, kada ku ba dabba maganinku, kai ta wurin likita ya fi kunyar da kuke gudu sauƙi. Kuma idan zargi ya shige ku, ku tambaya tun yana ƙarami, don na gano mai zargi kowa yake bincika sai aljihunsa. Matata ta dawo, muna zaune lafiya. Amma har yau idan ta ajiye mini abinci, sai ta ɗanɗana a gabana, sannan ta fita.