Yadda Motar Baffa Ta Kusa Mayar Da Ni Ɓarawon Fetur

Malam Edita, a shekarun da aka yi ta fama da wahalar man fetur, ni saurayi ne mai ji da kansa, direban wata tsohuwar akori-kura a bakin dam ɗin Tiga. Motar ta Baffana ce, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami bayan ruwan dam ya ci garinmu, mahaifina kuma bai daɗe ba ya rasu. Da gwamnati ta tashe mu, danginmu suka koma kamun kifi da noman rani, Baffa ya zama dillalin kifi. Aikina shi ne in kwashi tarwaɗa da karfasa da sanyin safiya in kai Kwanar Dangora da Tudun Wada, ranar kasuwa kuma har Doguwa. Motar ta girme ni a wahala. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya zagaya ya gaji ya tsaya, allurar mai ma ta daɗe da mutuwa, sai dai wata sanda mai tsage-tsage muke zurawa a tanki mu ga inda mai ya tsaya. Duk da haka ina son ta, kuma na fi son yadda Baffa yake gaya wa mutane cewa ko makullin ɗakinsa zai iya bar mini.

Wata damina sai motar ta fara shan mai fiye da ƙima. Man da yake kai ni Tudun Wada ya dawo da ni gida, sai ya zama a hanyar dawowa take fara tari. Da farko na ce tsufa ne. Na kai ta wajen bakanike, ya canja fulogi, ya wanke kafireta, ya kakkaɓe matatar iska. Ba ta canja zani ba. Na koma wajen wani, shi kuma ya matse hanyar da mai yake bi ya shiga inji, ya rantse mini cewa yanzu ko akuya ta fi ta shan ruwa. Abin da ya biyo baya shi ne ƙarfinta ya ragu, duk ɗan hawa sai na sauko giya ta biyu tana kururuwa, shan man kuwa sai abin da ya ƙaru. Na leƙa ƙarƙashinta ban ga ɗigo ba, na sansana tiyon mai ban ji komai ba.

A lokacin kowa ya san abin da wasu direbobi ke yi: su zura tiyo a tankin maigida su zuƙe, su sayar wa 'yan bumburutu. Baffa bai taɓa furta mini wannan zargi ba, shi ba mai yawan magana ba ne. Amma na lura ya fara karɓar sandar da kansa yana zurawa kafin in tashi da bayan na dawo, ya ɗaga ta ya daɗe yana kallo, ya jingine ta ya wuce. Wannan shirun ya fi zagi ciwo a wajena. Maimakon in zauna gabansa in ce Baffa motar nan tana da ciwon da na kasa ganowa, kunya da girman kai suka hana ni. Na ga kamar in na faɗa na amsa cewa ban iya aikina ba. Sai na ɓullo da dabarar da ta kusa kashe ni: ɗan abin da nake samu, sai in tsaya a Kwanar Dangora in sayi galan a wajen 'yan bumburutu in ƙara a tanki a ɓoye, don sandar ta nuna daidai.

Ana nan sai wani mutumin unguwarmu ya hange ni a bayan wata rumfa, ga galan a hannuna, ga tiyo a bakin tanki, ga ɗan bumburutu a tsaye kusa da ni. Daga nesa mai zubawa da mai zuƙa kamarsu ɗaya. Kafin in iso gida labari ya riga ni. Masunta da muke raha da su suka rage sakin fuska, wata gwaggona ta kira ni gefe tana hawaye tana tambayata me na rasa a gidan nan. Na rantse mata ban saci komai ba, amma ko ita ban gaya mata saye nake yi ba, don na san tambayar da za ta biyo baya. Ran nan na ji duniya ta yi mini ƙunci, har na yi tunanin in ajiye makulli in tafi Riruwai haƙar kuza inda ba wanda ya san ni.

Ranar kasuwar Doguwa, da na gama lodi, sai na ga Baffa ya buɗe ƙofa ya zauna a gaba, sandar tana tsakanin ƙafafunsa. Ya ce yau tare za mu je, yana so ya gani da idonsa, in mun dawo zai yanke abin da zai yanke. Na gane makullin ne zai karɓa. Muka sauke kifi, muka juyo, azahar ta same mu bayan mun fito daga dajin Falgore, ya ce in tsaya mu yi salla. Ya zura sandar, ya ɗaga, na ga fuskarsa ta canja. Man ya tafi kamar kullum, alhali yana zaune a gefena tun daga bakin ruwa, bai ga na tsaya ko'ina ba. Ya ɗauki buta ya tsuguna a inuwar motar, daidai tayar baya ta dama. Yana wanke hannu ruwa ya fallatsa jikin ƙarfen tayar, sai muka ji ya yi cuu, tururi ya tashi kamar an zuba ruwa a tanda.

Na kai hannu kusa, zafi ya kore ni. Na zagaya na taɓa sauran ƙafafun, ɗumi kawai suke da shi. Bayan mun idar da salla na sa jak na ɗaga wannan ƙafar, na sauke birkin hannu, na fitar da giya, na kama tayar in juya. Ta ƙi. Baffa ya naɗe hannun riga muka kama tare, da kyar ta motsa tana gurnani. Ashe duk watannin nan motar tafiya take da birki a kame a ƙafa ɗaya, injin tsohuwa yana jan kaya yana kuma kokawa da kansa. Muka lallaɓa zuwa Tudun Wada, bakanike ya buɗe kwanon birkin, sai ga laka ta bushe a ciki, tsatsa ta cinye wayar birkin hannu ta riƙe ta. Ya tambaye ni ko ina shiga ruwa da ita. Nan na tuna: tun da ruwa ya ƙaru, don in rage wa masunta ɗaukar kwanduna a ka, nake ja da baya har tayoyin baya su nutse a gefen kwale-kwale, in ja birkin hannu a gangaren har a gama lodi. Kowace safiya haka nake yi, ina jin daɗin ana sa mini albarka.

A kan benci a garejin Baffa ya tambaye ni maganar galan. Na gaya masa gaskiya, saye nake yi ina ƙarawa. Idonsa ya yi ja, ya ce abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya reni yaro har ya girma, amma yaron ya gwammace ya zauna da yunwa da ya zo ya ce masa Baffa na kasa. Ya ce shi ma da laifinsa, da ya tambaye ni tun ranar farko maimakon ya tambayi sanda. Washegari a bakin ruwa, gaban masunta da mutumin da ya kai labarin, ya ɗaga murya ya ce ɗansa bai ci amanarsa ba, duk wanda ya ji waccan magana daga bakin wani to ya ji wannan daga bakinsa. Ban taɓa jin dattijon nan ya yi magana mai tsawon haka ba, kuma ban ji kunyar kuka a gaban mutane ba.

Motar ta ƙara shekaru tana ciyar da gidanmu, daga ita Allah ya buɗa mini har na mallaki tawa. Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwana direbobi, in tsohuwar mota ta fara shan mai, kada ku tsaya a kan inji kaɗai. Bayan doguwar tafiya ku zagaya ku ji ɗumin kowace ƙafa, ku duba iskar taya, ku tuna inda kuke shigar da ita. Kuma ku faɗa wa mai motar tun abin yana ƙarami, domin rufa-rufar da na yi don kare mutuncina ita ce ta kusa zubar da shi. Masu mota kuma ku ji tsoron Allah a kan zato. Ni dai yau in direbana ya zo yana sosa ƙeya ya ce Alhaji mota tana shan mai, nakan ce masa ya kyauta da ya faɗa, sannan in tuɓe babbar riga in ce ya ɗauko jak.