Daminar da Inna ta Kwashe Mini Bincike

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba zan manta da gatan da Inna ta yi wa bincikena ba.

Lokacin ina karatun digiri na biyu, muna aiki a kan wani sabon farantin sola da ake yi da wani sinadari mai suna perovskite. Ga arha, ga jan wuta, amma rago ne na ƙarshe. Danshi ya taɓa shi ko rana ta gasa shi, sai ya ɗashe ya mutu. Wa zai sayi abin da damina ɗaya za ta kashe? Aikina shi ne in yi masa rufi, in bar shi a fili ya sha ruwa da rana. In ya jure, digirina ya samu, kuma za a iya maganar kai shi kasuwa.

Na kai shi gidanmu a Ƙofar Gayan, na ɗora a rufin ɗakin girki, inda Inna ke shanya kuɓewa. Na ce mata abu ne mai muhimmanci, na tafi.

Duk Juma'a in na zo gaisuwa sai in auna shi. Damina ta yi nisa, faranti ko gezau. Kaina ya kumbura, har tafiyata ta canza. Na ɗauko Farfesan da ke duba aikina don ya gani da idonsa.

Muna zaure yana jujjuya farantin, sai Inna ta leƙo gaishe shi. Ya ce, "Hajiya, ɗanki ya yi abin a zo a gani. Duk ruwan bana bai yi wa abin nan komai ba."

Ta ce, "Wane ruwa, Malam? Ai ko ɗigo bai taɓa shi ba. Da na ga hadari nake kwashe shi tare da kuɓewata. In rana ta take kuma, in naɗe shi a zane in tura ƙarƙashin gado. Juma'a dai ba na fashin fito masa da kayansa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Inna, ai don ruwan ya dake shi na ajiye."

"Ina kallo? Kai ma haka na raine ka, ban taɓa bari ruwa ya dake ka ba."

Farfesa ya cire tabarau yana share hawayen dariya. "To Hajiya, ɗan naki ma ke nan ba mu san ƙarfinsa ba."

Digirina ya ƙara shekara. Da wata daminar ta zo na ɗaure farantin da waya, kuma tun kafin gero ya fid da kai ya ɗashe, sai da na sake masa wani rufin gaba ɗaya. Ranar na gane cewa abin da aka ɓoye wa ruwa ba a yi masa shaidar juriya, faranti ne ko mutum. Inna kuwa har yau tana cewa a hannunta kaɗai abin nan ya taɓa zama lafiya.